Zauren Matafiya: Jakar da za ta jure ƙura, gargada da kwanan daji

Assalamu alaikum. Yawancin wasiƙun da suka taru a wannan karon a kan jakar kaya suke, irin wadda ake jefawa a bayan Hilux ko Land Cruiser a bar kwalta, a kwana inda dare ya yi. Na zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa, na kuma taƙaita su. Masu tambaya a kan taya da batir ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

Baba, ni injiniya ne, muna gwajin ƙasa kafin a haƙa rijiyar burtsatse a ƙauyukan Jigawa da Yobe. Mukan yi mako biyu a waje, kwana a tanti ko a ajin makaranta. A shekara guda jaka uku suka mutu a hannuna. Yanzu wani mai shago ya nuna min wata mai rubutun 1000D, ya ce ita ba ta mutuwa, amma kuɗinta ya ninka na sauran. In saya? (Daga Dutse)

Ɗana, kafin ka ciro kuɗi, ɗauko jakunkunan nan uku ka shimfiɗa su a tsakar gida, ka duba ta inda kowacce ta mutu. Da wuya ka tarar yadin ne ya yage a tsakiya. Ko dai zif ya daina kamawa, ko hannu ya tsinke daga gindinsa, ko kusurwar ƙasa ta huje inda take gogar ƙarfen bodi. Tun ina yaron mota har na yi furfura a kan sitiyari ina kai masu haƙa rijiya da ma'aikatan rigakafi, ta waɗannan wurare uku nake ganin ajalin jaka yana zuwa. Mai shago kuwa yadi yake nuna maka, don shi ne abin da ido ya fi gani kuma shi aka rubuta wa lamba.

Lambar nan ba ƙarya ba ce, amma abin da take faɗa kaɗan ne. Awon kaurin zare ne: idan aka warware zaren da aka saƙa yadin da shi har tsawon mita 9,000 aka ɗora a sikeli, nauyinsa a giram shi ne lambar. To 1000D zarensa ya fi na 500D kauri, shi ke nan. Ba ta faɗa maka ko zaren nailan ne mai kyau ko foliyesta mai araha ba, ba ta faɗa maka ko saƙar ta matsu ko sako-sako ce ba, kuma ba ta ce komai a kan ɗinkin ba. Yadin Cordura na gaske, wani sanannen yadi mai ƙarfi, mai 500D zai ga bayan wani 1000D na bogi. Abin takaici, buga lamba a jikin jaka ba ya cin ko sisi, kowa yana iya yi. Don haka ka ɗaga yadin ka duba shi ta hasken rana. In kana hango ɗigo-ɗigon haske ta cikin saƙar, ajiye ta. Ka kankari rufin da ke cikinta da farce, in yana ɓarewa kamar ƙaiƙayi, ajiye ta.

Zif shi ne babban maƙiyinka, don haka a nan zan daɗe. Juya kan zif ɗin, wato ƙarfen da ake ja, ka duba bayansa. Masu kyau suna ɗauke da lamba: 5, 8 ko 10, kuma lambar kusan faɗin haƙoran ne a milimita idan zif yana rufe. Lamba 5 na riga ne da ƙaramin aljihu. Babban bakin jakar da za ta hau mota ba ya son ƙasa da lamba 10. Kamfanin YKK na Japan, wanda yake wannan sana'a tun 1934, shi ne aka fi yarda da shi, amma jabunsa ya cika kasuwa, saboda haka ganin haruffa uku bai isa ba. Ja shi gaba da baya sau da yawa, ka lanƙwasa shi ka sake ja. Na gaske yana tafiya sumul ba ya cije yadi.

Haƙoran zif iri biyu za ka fi gani. Akwai mai siririn zare a murɗe, akwai mai manyan haƙoran roba ɗaya-ɗaya. Mai murɗin ya fi bin lanƙwasa, amma yashi yana maƙalewa a cikinsa, kuma duk lokacin da ka ja, yashin yana cin cikin kan zif ɗin har bakinsa ya buɗe. Shi ya sa za ka ja zif ya tafi amma bayansa yana buɗewa. Mutane da yawa a nan suke yar da jaka, alhali haƙoran lafiyarsu ƙalau, kan ne ya gaji. Matse shi kaɗan da filaya ta gefe da gefe zai sake kamawa, in ya ƙi mai gyaran takalmi zai sauya maka kai da kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba. Mai manyan haƙoran ya fi kakkaɓe yashi, shi nake zaɓa a ƙasarku ta rairayi, sai dai in haƙori ɗaya ya karye sai an sauya zif ɗin gaba ɗaya. Ko wanne ka samu, a ce yana da leɓen yadi da ya rufe shi ta sama.

Hannu kuma, juya jakar ka dubi ƙasanta. Jakar kirki ɗamarar hannunta tana zagayowa ta ƙarƙashi ta fito ta ɗaya gefen, yadda in ka ɗaga, ɗamarar ce ke ɗauke da nauyin. Wadda aka liƙa wa hannu a saman yadi da layin ɗinki biyu, ranar da aka fizge ta daga bodi da kilo 20 a ciki ranar za ku rabu. Inda hannun ya haɗu da jiki ka nemi ɗinki mai kusurwa huɗu da gicciye a tsakiya.

Sai maganar huji a ƙasa, wadda ba laifin jakar ba ne kaɗai. A hanyar burji mai gargada mota tana karkarwa ba ƙaƙƙautawa, kuma duk abin da ba a ɗaure ba yana goga da maƙwabcinsa tun safe har yamma. Kan ƙusa ɗaya da ya ɗan leƙo a bodi ya isa ya huda yadin da ya fi kowanne kauri kafin ku isa Gashuwa. Shimfiɗa tsohuwar darduma ko robar ƙasan mota a bodin, ka ɗaure jakar ta daina motsi. In wadda mai shagon ya nuna maka ta ci waɗannan gwaje-gwajen, saya, kuɗinta halal ne. In lambar ce kaɗai abin taƙamarta, bar masa kayansa.

Ranka ya daɗe, ni direba ne, ina ɗaukar baƙi da 'yan kasuwa tsakanin Agadas, Timiya da Iferwan, wani lokaci har Bilma. Na sayi jaka da aka rubuta ruwa ba ya shigarta, amma idan muka sauka sai in tarar da ƙura har cikin aljihun riga. Ta yaya abin da ruwa ba ya shiga ƙura take shiga? (Daga Agadas)

Abokin aiki, sannu da hanya. Abin da aka rubuta a jakarka yadin ake nufi, ba jakar ba. Yadin yana iya tare ruwa, amma kowane ramin allura ƙofa ce, zif kuma ƙofa ce mai tsawo. Yayyafi na rabin awa ba zai sami lokacin bi ta waɗannan ƙofofi ba. Ƙurar Tenere kuwa tana da yini guda cur, ga ta laushi kamar gari, ga jijjigar mota tana tankaɗe ta ciki.

Akwai kuma abin da ka sani da ido ko da ba a taɓa yi maka bayaninsa ba: bayan mota ya fi ko'ina ƙura. Idan mota tana gudu iska tana yin rami a bayanta, sai ta tsotso ƙurar da tayoyi suka tayar ta cusa ta ta ƙofar bodi da duk wata kafa. Don haka kayan da ba ka so su yi ƙura, nesa da ƙofar baya za ka ajiye su, kusa da kan mota.

Jakar da ke maganin wannan ita ce marar zif kwata-kwata, wadda ake naɗe bakinta. An yi ta da tamfol mai rufin roba, ba a ɗinka gaɓoɓinta da allura ba, narka su aka yi da na'ura suka haɗe suka zama abu ɗaya. Za ka gane ta da cewa babu zare a gaɓar, sai layi mai sulɓi. Ka cika ta ka bar sarari a sama, ka matse iska, ka naɗe bakin aƙalla sau uku, ka haɗa ƙugiyoyin. Naɗi ɗaya ko biyu ba ya hana komai, kuma wanda ya cika ta maƙil har ba ta naɗuwa ya mayar da ita buhu.

In akwati ne mai tauri na kyamara ko na'urar baƙinka, nemi haruffan IP da lamba biyu a jikinsa. Lambar farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. A ta farko 6 ce ƙarshe, ma'ana ƙura ba ta shiga sam. IP67 na nufin ƙura ba ta shiga kuma zai jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Inda ka ga X a gurbin lambar farko, kamar IPX6, ba a gwada shi da ƙura ba, kuma kai ƙurar ce damuwarka.

Bayan ƙura, rana ita ce damuwa ta biyu. Hasken rana yana cin nailan fiye da yadda yake cin foliyesta, don haka jakar da za ta zauna a fili daga Agadas zuwa Fashi gara ta tamfol ko ta foliyesta. Alamar ta fara ƙonewa ita ce launinta ya koɗe kuma zaren ɗinki yana tsinkewa in ka ja shi da farce. Kar ka sayi baƙa. Ruwan ƙasa ko fari-fari ya fi, domin abin da ke cikin baƙar jaka a kan kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na saman mota, da tsakar rana dahuwa yake yi. Ƙananan gwangwanayen gas na risho an rubuta a jikinsu kar su wuce zafin digiri 50, kuma cikin motar da aka rufe a rana yana haura haka. Su da batiran caji da magani, a ƙasa cikin inuwa.

Zif ɗin sauran jakunkunanka kuma, don Allah kar ka shafa masa baƙin mai ko giris. Na sha ganin yaran mota suna yi da kyakkyawar niyya, sai man ya kama yashi ya riƙe, ya cinye kan zif cikin 'yan kwanaki. Tsohon buroshin haƙori kake buƙata. Kakkaɓe haƙoran kowace yamma, in kun isa inda ruwa yake a yalwace ka wanke, ya bushe, ka goga kyandir sama-sama.

Fataken da suka riga mu bin waɗannan hanyoyi da taiki da waga na fata suke tafiya, bakinsu ɗaure da igiya, ba su da wani ƙarfen da zai lalace a tsakiyar hamada. Ina ganin hikimar tana nan har yau: duk abin da ba za ka iya gyarawa da allura da zare a gindin dutse ba, ka rage dogaro da shi.

Baba, ni ma'aikaciyar lafiya ce. Muna shiga ƙauyukan kan tsaunin Mambila da damina, wani wurin sai an tsallaka rafi, wani wurin mota ta kafe a taɓo mu sauke kaya. Rajistocinmu na jiƙewa, kayan sawa na warin fumfuna ko da ruwa bai taɓa su ba. Me za mu yi? (Daga Gembu)

'Yata, Allah ya saka muku da alheri a kan wannan aiki. Wanda bai taɓa hawa daga Mayo Selbe zuwa kan tsaunin nan ana ruwa ba, ba zai gane abin da kike faɗa ba.

Matsalarki biyu ce kuma maganinsu ya saɓa wa juna, shi ya sa take da wuya. Ruwan waje yana son jaka mai toshewa ruf. Fumfuna kuwa a cikin jaka mai toshewa ruf take haihuwa. Idan kika sa tawul mai ɗan danshi ko safar da kika cire a jakar da ba ta numfashi, rana ta ɗan buga ta, dare ya yi sanyin Mambila ya sauka, danshin nan zai zama gumi a bangon ciki ya sauka a kan komai. Ruwan da ya ɓata miki kaya daga ciki ya fito.

Saboda haka ki raba. Rajista, waya, kwamfutar hannu da caja su shiga ƙaramar jaka mai naɗin baki, lita 10 zuwa 20, wadda ba a sa komai mai danshi a cikinta har abada, kuma ita a jikinki take ko a kan cinyarki, ba a bodi ba. Rajistar ma ki fara sa ta a leda mai kauri kafin ta shiga. Ƙananan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin magani da na takalmi, ki riƙa tara su kina jefawa ciki. Busassun kayan sawa da bargo su sami tasu jakar mai naɗi. Jiƙaƙƙun kaya, rigar ruwa, takalmin taɓo da tanti su shiga buhun raga ko buhun albasa, inda iska ke ratsawa. Akwatin sanyi na allurar rigakafi shi kaɗai yake tafiya, a tsaye, a ɗaure, kar a cusa shi cikin wata jaka kuma kar a ɗora masa kaya.

Ki gwada jakar a gida kafin ki ba ta amanar rajista. Cika ta da iska, naɗe bakin, ki danna ta da gwiwa. In tana saki a hankali tana huci, akwai huji. Ko ki sa takarda a ciki ki tura ta cikin baho na ɗan lokaci. Ki kuma sani cewa jakar naɗi an yi ta ne don ruwan sama da faɗawa rafi a ciro da sauri, ba don ta kwana a ƙarƙashin ruwa ba.

In kun dawo gida, a zazzage komai, a juya jakunkunan ciki ya koma waje, a shanya a inuwa har su bushe ƙarau, a ajiye su baki buɗe. Jakunkunan yadi masu siririn rufi a ciki, zafi da danshi suna narkar da rufin har ya riƙa danƙo yana wari. In ta kai nan ba ta gyaruwa. Kanbas na auduga kuma in aka naɗe shi da danshi, mako guda ya isa fumfuna ta kama shi.

Malam, mu talakawa fa? Bakko da Gana-mas-go ba za su yi ba? (Daga Funtuwa)

Za su yi, in ka san matsayinsu. Saƙar robar da aka yi su da ita tana da ƙarfin ɗaukar nauyi, amma rana tana cinye ta da sauri har ta riƙa zuba kamar gari, zif ɗinsu kuma na tafiya ɗaya ne. A cikin mota, a inuwa, da bargo da tabarma da gidan sauro a ciki, ba su da laifi ko kaɗan. Sa babbar leda mai kauri a ciki ka ɗaure bakinta, ka zagaye bakkon da igiya don kar nauyin ya zauna a kan zif. A kan kariya ne ban yarda da su ba, sai in an lulluɓe da tamfol.

Baba, mun sa wa motarmu kariya. Abokina ya ce mu ɗora jarkoki da akwatin kayan aiki a sama don a sami wurin zama a ciki. Ni kuma hankalina bai kwanta ba. (Daga Jos)

Hankalinka ya fi na abokinka gaskiya, kuma wannan ta wuce maganar jaka, maganar rai ce. Jarka mai lita 20 ta ruwa kilo 20 ce ban da nauyin jarkar, ta man dizal kuma wajen kilo 17. Jarka huɗu da akwatin sifanu da kariyar kanta, ka haura kilo 100 a wuri mafi tsayi a motar. A kwalta ba za ka ji komai ba. Ranar da tayar gefe ɗaya ta faɗa kwazazzabo ko kuka bi gefen tudu a karkace, nauyin nan na sama shi zai ja motar ta kwanta. Kowace mota akwai iyakar nauyin rufinta a littafinta, nauyin kariyar yana cikin lissafin, kuma a hanyar gargada sai ka rage daga abin da aka rubuta, don kowane tsalle yana ninka dukan da ƙafafun kariyar ke sha.

Mai nauyi ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, a ɗaure da jikin mota. Sama ta masu girma ce marasa nauyi: katifa, tanti, bargo, kujerun naɗi. Kuma duk abin da ke cikin ɗakin fasinja ba a ɗaure ba, jak ne ko tukunyar gas, in aka taka birki da ƙarfi kan mutum zai nufa.

Wajen ɗauri, robar da ake yankowa daga tub ɗin taya tana da amfaninta a kan babur, amma a kan kariya tana miƙewa kaya su yi ta rawa, rana tana tsattsaga ta, kuma in ta kuɓuce tana iya fasa ido. Nemi bel mai ƙarfen ja, wanda ake bugawa ƙas-ƙas har ya ɗame. Bel biyu a gicciye a kan kowace jaka, a ratsa ta cikin madaukanta don ko ya saki kar ta zame. Kar ka ɗame har ya yanke yadin, kuma inda bel ya hau kusurwa ka sa guntun tsumma. Bakin jakar ya kalli baya, ba inda iska da ruwa ke dukanta ba. Bayan kun bar kwalta da kamar rabin awa, tsaya ka sake ɗamewa, don kaya suna zaunawa bel ya yi sako-sako. Jelar bel da ta rage a naɗe ta a ɗaure, in ba haka ba za ta yi ta dukan jakar har ta huda ta.

Malam, za mu kai iyali Yankari mu kwana biyu. Abinci a jaka ko a akwati? (Daga Azare)

A akwati mai murfi da makulli. Gwaggon birin sansanin Wikki sun saba da mutane, sun san jaka, sun san leda, kuma ba sa jin kunyar fizgewa daga hannun yaro. Abinci ya zauna a mota a kulle, gilashi a rufe, kar ya kwana inda kuke kwana. Ko ba Yankari ba, ɓera yana huda kowace irin jaka in ya ji ƙamshin ƙuli-ƙuli. Adakar ƙarfe irin ta 'yan makarantar kwana tana wannan aiki sarai, sai dai a shimfiɗa mata wani abu a ƙasa kuma kar a jingina jakar yadi da kusurwarta. Kananzir, fetur da man birki kuma kar su haɗa akwati da abinci, don garin da ya sha warin fetur ya tashi daga aiki. Da dare a rufe bakin kowace jaka a ɗaga ta daga ƙasa saboda kunama da gara, da safe a zazzage takalmi kafin a sa ƙafa.

Baba, na ga jakunkunan waje a intanet, kuɗinsu ya fi albashina. Za a iya ɗinka min irinsu a nan? (Daga Zariya)

Za a iya, kuma ita ce shawarar da na fi bai wa mutane. Kamfanin Ortlieb na Jamus, wanda jakunkunansa suka yi suna a duniya wajen tare ruwa, a 1982 ya fara, kuma da tamfol ɗin babbar mota mai shi ya ɗinka na farko. Wannan tamfol ɗin yana nan a kowace babbar tasha a ƙasar nan, da masu ɗinka shi, da masu yi wa mota kujeru waɗanda kekensu ke cin abu mai kauri. Abin da za ka rasa shi ne haɗin narkarwa na na'ura, don haka taka ba za ta shiga rafi ta fito a bushe ba. Amma ƙura da ruwan sama da gogayya za ta jure su, kuma ranar da ta huje ka san ƙofar wanda zai gyara.

Ga abin da za ka faɗa wa mai ɗinkin. Tamfol na tirela, mai nauyin giram 650 zuwa 900 a kowace murabba'in mita, sabo ko gwanjon da bai fara tsagewa ba in an lanƙwasa shi. Kar ya sa maka fileks ɗin allon talla, yana kama da shi a ido amma zaren cikinsa ba shi da ƙarfi kuma yana karyewa a lanƙwasa. Girman kar ya wuce lita 60 zuwa 70, misali tsawo santimita 65, faɗi 35, tsayi 30, domin jakar da ta fi haka in ta cika mutum ɗaya ba ya ɗaga ta, sai a riƙa jan ta a ƙasa. Biyu matsakaita sun fi ƙatuwa ɗaya, sun kuma fi shiga lungun mota. Ƙasan ya zama ninki biyu, ninkin ya hau gefe kamar faɗin tafin hannu, kuma kar gaɓar ɗinki ta zauna a daidai kusurwar da ke taɓa bodi.

Hannu a yi shi da bel ɗin kujerar mota. Je wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci, irin su Fanteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, za ka samu da araha. An saƙa shi da foliyesta don ya riƙe mutum a lokacin haɗari, jakarka ba za ta gajiyar da shi ba. Ya zagaye ta ƙarƙashi, a ƙara gajeren hannu a kowane kai don jawowa daga bodi, da madaukai huɗu a gefe inda bel ɗin ɗauri zai ratsa. Zare ya zama na foliyesta mai kauri irin na kujerun mota, ba na auduga ba. Ka roƙe shi ya buɗe tazarar ɗinkin, kamar milimita 4 zuwa 5 tsakanin huji da huji, don in ya matse su kusa-kusa tamfol ɗin zai yage ta bin layin allurar. Bayan an gama, a bi gaɓoɓin ta ciki da siririn yankin tamfol a liƙe da gam ɗin da aka yi don tamfol. Solushan ɗin facin taya ba ya kama shi da kyau.

Baki kuma, ka ce ya ƙara wuya mai tsawon santimita 30 a sama da inda kaya za su tsaya, ya ɗinka ɗamara mai tauri a leɓen don naɗin ya kama, da ƙugiya a kowane gefe. In dole sai da zif, lamba 10 mai kai biyu, da leɓe a kansa. Ka yi launi daban-daban ko ka rubuta da fenti a kai da gefe, ta girki daban, ta kwana daban, ta kayan gyara daban, yadda ko da tocila yaron mota zai ɗauko wadda aka ce. Guntayen tamfol ɗin da suka rage kar ka bar su a shagon, ka karɓo ka haɗa da basilla da zare da gam da kan zif guda biyu a ƙaramin gwangwani, ya zauna a aljihun ƙofar direba.